Shafin intanet a kan takarda: inda aikin bugu ke lalacewa

Yawancin abin da ake kawo mana a shagon buga takardu yanzu daga intanet yake: silif na jarrabawa, rasit na kuɗin makaranta, takardar samun gurbin karatu. A nan ne kuma takarda da tawada suka fi salwanta, domin an gina shafin ne don allo, wanda ba shi da ƙarshe, ita kuwa takarda tana da iyaka ta kowane gefe.

Akwai ƙa'idar da ke faɗa wa burauza, wato manhajar buɗe shafin intanet irin su Chrome da Firefox, yadda shafi zai fita a takarda. Tana cikin CSS, wato ƙa'idojin tsara kamannin shafin intanet, waɗanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ke kula da su. Tun CSS2 na 1998 aka kawo umarnin @page, har da damar faɗin girman takarda. Amma masu ƙera burauza ba su yi aiki da shi yadda ya kamata ba, sai aka cire batun girman a CSS 2.1, wanda aka kammala a 2011, daga baya aka maido da shi a sashen CSS Paged Media. Firefox bai karɓi girman takarda ba sai a ƙarshen 2021. Chrome kuma sai a Nuwamba 2024 ya ba mai shafi damar sa lambar shafi da kanun rubutu a gefen takarda da kansa. Tsohon umarnin hana yanke tebur, page-break-inside, an maye gurbinsa da break-inside. A ganina gyaran ya yi kyau, matsalar ita ce masu gina shafukan makarantu da ofisoshi da yawa ba sa amfani da shi ko kaɗan.

Babban abin da ke cin mu shi ne girman takarda. Mu A4 muke sayarwa, milimita 210 a faɗi, 297 a tsawo. Takardar Amurka, Letter, ta fi ta faɗi da kusan milimita 6, ta gaza ta a tsawo da kusan 18. Firinta da yawa suna zuwa a saite kan Letter. Idan ba a canza ba, gefen dama na tebur zai yanke, ko layin ƙarshe ya tsallaka shafi na biyu shi kaɗai, ka ƙone takarda guda saboda layi ɗaya. Ga kuma gefen da firintar lesa ba ta iya taɓawa, milimita 4 zuwa 5 a kewaye. Duk shafin da ya kai rubutu har baki, a nan yake rasa haruffa.

Shi ya sa kafin a danna bugawa, a duba samfurin da ke fitowa a allo, a tabbata takardar A4 ce, a kashe adireshi da kwanan watan da burauza ke liƙawa sama da ƙasa. Burauza ba ta buga launin baya sai an kunna shi, don haka kan teburin da ke da farin rubutu a kan baƙin zane zai fito a koɗe. In shafin ya ɗan yi yawa, a rage shi zuwa kashi 90 ko 95 cikin ɗari. Sai dai a yi hattara da lambar QR: in ta ƙanƙance da yawa ko tona, wato garin tawadar firinta, ta yi ƙasa, na'urar tantancewa ba za ta karanta ba, kuma kwastoma ne zai sha wahala a bakin ƙofar jarrabawa.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara ajiye shafin a PDF, a buɗe, a ƙirga shafuka, sannan a tura wa firinta. PDF yana tafiya da salon rubutunsa a ciki, saboda haka ƙ, ɗ da ɓ da suka fito daidai a fayil ɗin ba za su koma akwati ba in aka buɗe shi a wata kwamfutar.