Godiya ga waɗanda suka tsaya mini

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Alhamdu lillahi, jiya aka sallame ni daga Babban Asibitin Zinder bayan kwana 23. Ina gida Garin Malam, ina dogara sanda.

Da yawa kun ji labarin guntu-guntu. Alhamis ce, ranar cin kasuwar Dole, sito ya cika da masu jiran kaya. Ina duƙe ina ɗinke bakin buhun shinkafa da ya fashe, motar ɗaga kaya ta fito da buhuna masu kilo 50, an jibga har sun tare wa direba gani. Ya wuce ni lafiya, sai da ya zo karya kwana. Irin wannan mota da tayoyin baya take juyawa, gindinta kuma ƙarfe ne zalla da ke hana kaya rinjayarta. Gindin nan ne ya matse ƙafata ta hagu da bango, ƙashi ya karye ƙasan gwiwa.

Na fara da ƴan'uwana ƴan dako. Dattijon cikinmu, Baba, kai ka hana a ja ni, ka hana a miƙe ƙafar, ka sa aka tallafe ta da katako biyu, ka kwance rawaninka aka ɗaure. Likita ya ce da an murɗa ta, da tsinin ƙashi ya yanke jijiya. Har yau rawanin yana wurina, an wanke, amma ban iya rabuwa da shi ba.

Samarin fadarmu uku sun ba da jini cikin daren nan. Likitoci da masu jinya, Allah ya saka. Uwargida da Inna sun kwana kan tabarma bakin ɗakin, maƙwabta ba su bar yara da yunwa ba. Mai sito ya biya kuɗin aiki da magani, ya kuma kai takardar hatsarin ga CNSS, hukumar inshorar ma'aikata.

Sai direban. Ƙanena, kullum bayan magariba kana nan riƙe da kwanon fura, ka kasa kallon idona. Na yafe maka duniya da lahira. Ba kai kaɗai ka jibga kayan nan ba, da hannuna a ciki, mu duka muna sauri. Na ji yanzu in kaya sun yi tsawo da baya kake tafiya kana hon, an kuma ja layin fenti na masu ƙafa. Wannan ya sanyaya mini rai.

Nan da sati biyu zan koma a sake hoton ƙafar. Mai son zuwa dubiya, bayan la'asar ina zaure.