Tarihin Rayuwata, Kashi Na Bakwai: Mai Riƙe Buta

A makon jiya na tsaya ne inda mahaifina ya damƙa ni a hannun Baba mai bishara, cikin bazarar 1984, shekarar da aka yi canjin kuɗi. Na isa gidansa da Littafi Mai Tsarki a cikin leda da sabon littafin rubutu, ina jira a zaunar da ni a fara karatu. Wata uku cur ban rubuta ko baƙi ɗaya ba.

Aikina rataya jakarsa, tura keke in yashi ya yi yawa, da riƙe buta. Hanyoyin ƙauyukan ƙasar Malumfashi ba sa ɗaukar mutum biyu a jere, don haka kullum yana gaba ina biye. Duk ƙurar da ya tayar a kaina take sauka. Kafin magariba na yi futu-futu har gira.

Wani dare ina zuba masa ruwa zai ci tuwon dawa, abin ya ci ni. Na ce, "Baba, yaushe za mu fara karatun ne?" Bai tanka ba sai da ya yarfe hannu. Ya ce, "Ɗana, buɗe 2 Sarakuna 3:11." Na matso da aci-balbal na karanta. Sarki Yehoshafat na neman annabi, sai aka ce masa ga Elisha ɗan Shafat, wanda yake zuba wa Iliya ruwa a hannu. Baba ya ce, "Ka ga da abin da aka san shi?" Ya ci gaba da cin tuwonsa. Na daɗe zaune da butar a hannu, jikina ya yi sanyi.

Sai da na je karatun tauhidi a Bukuru na gano cewa wannan hanya daɗaɗɗiya ce a wurin Yahudawa. Almajirin rabbi, wato malamin Yahudawa, wanda suke kira talmid, ba darasi kawai yake zuwa ɗauka ba. Bin malamin yake yi ya ga yadda yake ci, yadda yake addu'a, yadda yake yi da wanda ya zage shi. A cikin Mishna, tarin koyarwar malaman Yahudawa wadda aka harhaɗa wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, akwai maganar wani malaminsu, Yose ben Yo'ezar, cewa mutum ya buɗe gidansa ga masu hikima, ya yarda ƙurar ƙafafunsu ta same shi, ya sha maganarsu kamar mai ƙishirwa. Da malaminmu ya karanto wurin ƙurar nan, hawaye suka zubo mini a cikin aji. Bulus ma ya ce a gaban malam Gamaliyel ya yi karatu, kuma Markus 3:14 ya ce Yesu ya zaɓi sha biyun nan da farko domin su kasance tare da shi, aikawa ta biyo baya. A ganina waɗanda suka fassara mana Littafi ba su yi kuskure ba da suka sa kalmar almajiri, don Bahaushe ya san wanda ya bar gida ya tare a gindin malaminsa.

A bayan Baba na ga ranar da wani magidanci ya kore mu da baƙaƙen maganganu. Bayan sati biyu ɗan mutumin ya rasu. Baba ya koma gidan, ya tuɓe takalmi, ya zauna a gefen tabarma tun hantsi har la'asar. Ban da "sannu, Allah ya ba da haƙuri," bai ƙara komai ba. Ni kuwa ayoyi cike da bakina, amma ganin bai buɗe nasa ba, na haɗiye su.

Da damina ta kankama, wata asuba muna daf da wani ƙauye sai ya ja ya tsaya, ya karɓi butar daga hannuna. Ya ce, "Yau kai ne a gaba."

Yadda ta kaya a wannan ƙauye, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.