Yadda na gyara suturata bayan na gama bautar ƙasa

Yawancin samarin da na sani a Kano ba rashin kaya ne ke damunsu ba. Akwati cike yake, amma in aka ce gobe akwai ɗaurin aure ko ganawar neman aiki, sai ka ga mutum yana juya kaya yana tsaki. Haka nake lokacin da na dawo daga bautar ƙasa na samu aiki a wani ofis. Abin da ke cikin akwatina kashi uku ne: rigunan ƙwallo, wandunan jins na gwanjo, sai tulin anko na bukukuwan abokai, wanda kowanne an ɗinka shi a gurguje, an sa sau ɗaya an ajiye.

Abin da na fara yi shi ne na zazzage komai a kan tabarma, na riƙa sawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya matse ni, da wanda ya yi min burum-burum, da wanda launinsa ba zan iya shiga da shi gaban manya ba, duk na ware su gefe. Masu kyau na raba wa ƙannena da almajiran unguwa. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, amma aƙalla na san abin da nake da shi da abin da nake bukata.

Kafin in shiga kasuwa na je wajen ƙanen mahaifiyata, wanda ya shekara da shekaru yana ɗinki a Fagge kafin idonsa ya raunana. Na faɗa masa kuɗin da na tara, na ce ina so in sayi shadda mai tsada guda biyu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, wa zai ɗinka maka?" Na ce, "Kawu, ai teloli sun yi yawa." Ya ce, "Masu keke ne suka yi yawa. Ka fara nemo tela, sannan ka nemo yadi." Shi ya raka ni wajen wani tsohon yaronsa, kuma a shagon nan na fahimci abin da yake nufi.

Telan bai ɗauki tsohuwar rigata ya kwaikwaya ba, kamar yadda aka saba yi min. Tef ya ɗauko ya auna ni tun daga kafaɗa. Ya nuna min cewa ɗinkin kafaɗa dole ya tsaya daidai inda ƙashin ya ƙare. In ya zarce, rigar za ta yi kamar ta aro, in bai kai ba, za ta riƙa jan hammata. Hannun riga ya tsaya a wuyan hannu, inda agogo zai ɗan leƙo. Wuya kuma ya sa yatsa biyu tsakanin tef da fatata, ya ce wannan shi ne wurin numfashi. Da aka zo kan wando, na ce ina son irin na yayi, mai tsukakkiyar ƙafa. Sai ya ce in zauna a ƙasa irin zaman tahiya. Na zauna, ya sake auna cinya da gwiwa a haka. Ya ce duk wandon da ba za ka iya sujada da shi ba, ko ka hau babur ba tare da fargabar ya yage ba, ba naka ba ne ko da kuɗinka ka saya. Ya tsuke min ƙafar daidai misali, ya bar wa cinya wuri. Tun daga ranar, duk abin da zan saya ko ƙananan kaya ne, sai na gwada zama da shi.

Sai Kantin Kwari. Wanda bai saba shiga kasuwar nan ba, launi da ƙyalli kaɗai sun isa su ruɗa shi, ga 'yan kamasho suna jan hannunka kowa yana cewa nasa ne na asali. Shaddar da kowa ke ambato ita ce Getzner, wadda ake saƙawa a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, kamfanin kuma yana nan tun 1818. Auduga ce zalla, shi ya sa take da sanyi a jiki duk da nauyinta. Amma kwaikwayonta ya cika kasuwa, har da tambari da leda. Shawarar kawu ita ce, in kuɗina bai kai na asali ba, kada in sayi jabu don a ce na sa. Gara in sayi yadi mai kyau wanda bai yi ƙaryar suna ba. Ya koya min a zare zare ɗaya daga bakin yadi a kusanta shi da ashana: auduga takan ci ta zama toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Wannan gwajin yana da muhimmanci ga wanda zai yi watan Afrilu a Kano, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40. Yadi mai roba da yawa yana riƙe gumi, kafin azahar ka fara jin warin kanka.

Na sayi yadi huɗu-huɗu na kaftani, launuka masu natsuwa: fari, ruwan toka, shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa. Shadda guda ɗaya na saya, fara, ta Juma'a da taro. Dalilin zaɓen waɗannan launuka shi ne hula ɗaya za ta iya hawa biyu ko uku daga cikinsu, takalmi ma haka. Aikin wuya na ce a yi kaɗan, da zare mai launin yadin. A ganina aiki mai yawa a kirjin saurayi yana tsufar da riga da wuri, domin yayin zane yana wucewa, yadin kuma yana nan da ƙarfinsa.

Wani abu da ya taimake ni shi ne lokacin da na kai ɗinkin. Bayan Babbar Sallah ne, shaguna sun yi sauƙi. Wanda ya kai ɗinki a goman ƙarshe na azumi ya san abin da ke biyo baya: tela bai yi barci ba, yaran shago ne ke haɗa hannun riga da wuya, alkawari kuma sai ranar idi da safe. Ni kuwa an kira ni na gwada kafin a gama, aka rage abin ragewa.

Hula ita ce ta fi cin hankalina, domin ita ido ke fara sauka a kai. Da can duk wadda na samu nake kifawa. Ashe ita ma lamba gare ta, ana auna kai da inci, nawa 22 da rabi. In ta yi girma sai ta sauko kan kunne, in ta yi ƙaranci ta bar maka zane a goshi. Na sayi zanna biyu na aikin hannu, irin waɗanda aka san mutanen Borno da su, musamman Bama. Ana gane ta hannu in an juya cikinta: za ka ga zaren bai yi daidai-wa-daida irin na inji ba, kuma tana da nauyi da taushi. Mai ɗinka irin wannan yakan yi makonni a kan guda ɗaya, don haka ban ja ciniki da yawa ba. Na ga kuɗin guminsa ne. Ɗaya mai fari da toka, ɗaya mai ruwan ƙasa da baƙi. Jar hula kuwa, a Kano ta riga ta zama alamar Kwankwasiyya, don haka duk mai sa ta ya san saƙon da yake aikawa. Ban taɓa wanke hula a gida ba tun daga nan. Masu wankin hula suna da gungumen katako mai lamba da suke ɗora ta a kai ta bushe, shi ke dawo mata da tsayuwarta.

Takalmi ban wahalar da kaina ba: sau-ciki baƙi na fata don ofis, da buɗaɗɗe ruwan ƙasa na yau da kullum, sai burushi da man gogewa. Agogo ɗaya mai sauƙi. Ƙananan kaya kuma ban yar da su ba. Na je Kofar Wambai da sassafe ranar da ake fasa dila, na zaɓi riguna marasa rubutu da jins mai duhu, na kai wa tela ya rage tsawon. Gwanjon da aka gyara ya zauna a jiki ya fi sabon kanti da ke reto.

Abin da ban zata zai fi komai tasiri ba shi ne wanki. Shadda ba ta son a jiƙa ta ta kwana, ba ta son bilic, ba ta son rana mai zafi. A juya bayanta a shanya a inuwa. In ana son ƙyallinta ya dawo, wajen masu bugu ake kai ta, su shimfiɗa ta a kan gungume su yi ta dukanta da sanduna masu nauyi har ta yi sheƙi. A can Kofar Mata, inda karofin da aka ce tun 1498 ake rini a cikinsa yake, na kai wata tsohuwar farar shaddar anko da ta dafe, aka rina min ita shuɗi, aka buga. Da na sa ta, abokan aikina sun ɗauka sabuwa ce. Singileti fari mai tsafta a ƙarƙashin riga yana tare gumi, yana kuma ƙara wa yadi kwana. Aski da gyaran gemu a kan kari, yanke farce, da turare ɗan kaɗan wanda sai an matso za a ji, su ne suka cika sauran.

Maganar anko ce ta fi min wuya, domin ta shafi zumunci. Yanzu in aboki na kusa zai yi aure, ina saya, amma ni nake kai wa telana da wuri, a ɗinka yadda zan ci gaba da sawa bayan biki. In ba na kusa ba ne, nakan sa farar shaddata in je ɗaurin aure, in ba ango gudummawar kuɗin a hannu. Wasu sun yi ƙorafi da farko, amma ban ga wanda ya mayar min da kuɗin ba, kuma zumuncinmu yana nan.

Babbar riga ce ban yi ba tukuna. Ita da 'yar ciki da wando suna cin yadi kusan goma, ga kuɗin aiki. Ina so a yi min aikin hannu mai zanen aska takwas a Zariya, kuma kawu ya ce in bai wa mai aikin wata biyu ko uku, kada in matsa masa. Ina ajiye wani abu daga albashi kowane wata saboda ita.