Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Mazaɓar Da Ta Ɓace Da Bashinmu

A makon jiya na yi alkawarin labarin aurena na fari, to ku yi mini haƙuri. Ina binciken adakar Inna, Allah ya jiƙanta, na ci karo da takardata ta ejan a zaɓen 1979, duk asu ya cinye gefenta, tun daga ranar ban samu barcin kirki ba.

Yaran yanzu ba su san cewa a jamhuriya ta biyu majalisar dokokin Kano kujera 138 gare ta ba, Jigawa ma tana ciki. Shi ya sa mazaɓa take ƙarama. Tamu 'yan unguwanni ce a cikin ganuwa, wadda za ka zagaye da keke tsakanin la'asar da magariba, kuma ɗan takara ya san gidan kowa. Namu da ƙafarsa ya zo zauren Baba. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Baba, in Allah ya ba mu, famfo a bakin lungun nan shi ne aikina na farko." Baba bai ɗaga kai daga keken ɗinkinsa ba. Ya ce, "Ɗana, wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

Baba ɗan NEPU ne, tsohuwar jam'iyyar Malam Aminu Kano, tun ana ɗaure mutum a kan haka, saboda haka gidanmu babu wata shawara, inda Malam Aminu ya sa ƙafa nan muke. Asabar biyar aka yi ana zaɓe a shekarar, na 'yan majalisar jiha ya faɗo ranar 21 ga Yuli. Na wuni a rumfa ban sa komai a cikina ba sai fura. Tsofaffi mata suna zuwa suna tambayata ina mukulli yake, don su ba sunan PRP, jam'iyyar Malam a lokacin, suka riƙe ba, alamar suka riƙe. Gida da masara na NPN, a rumfarmu ƙuri'unsu ko tafin hannu ba su cika ba. A jihar gaba ɗaya PRP ta kwashe kujera 123. Ina alfahari da wannan wuni har gobe, ko da kuwa ko sisi ba a ba ni ba.

Abubakar Rimi na PRP ya hau gwamna, ya soke haraji da jangali, muka ce an gama. Sai jam'iyya ta dare gida biyu, Santsi ɓangaren Rimi da Taɓo ɓangaren Malam Aminu. Ɗan majalisarmu ya bi Santsi, Yaya Babba ya bi shi, Baba ya tsaya a Taɓo. Shekara biyu cur Yaya bai ci tuwo a kwano ɗaya da mu ba, Inna ce take zuba masa daban ta aika. Ranar da Baba ya tura ni in tuna wa mutumin maganar famfo, a tsaye ya sallame ni, wai in ce wa Baba ya nema wurin 'yan Taɓonsa. Na rage maganar kafin in isar, amma Baba ya gane. Ya ce dai ladan kuturu an riga an ci.

Bara wani jikana ya tambaye ni wace mazaɓa muke. Na buɗe baki zan faɗi tsohon sunan, sai na tuna babu ita. An cire Jigawa a 1991, majalisa yanzu kujera 40 ce, an haɗe mu da unguwannin da ko sunan lungunmu ba su taɓa ji ba. A 1991 ɗin ma layi muka yi a bayan hoton ɗan takara ana ƙirga mu kamar awaki, ban san fuskar wanda na tsaya wa ba.

Na tsallake 1983. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, a wurin jana'izarsa Baba da Yaya suka fara gaisawa. Rimi ya koma NPP, mutuminmu ya bi shi, ya sake tsayawa, unguwa ta kayar da shi ƙasa warwas. Ni na ƙirga ƙuri'un rumfarmu da hannuna, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Sabo Bakin Zuwo ya ci gwamna, wata uku soja suka zo ranar 31 ga Disamba, majalisar ta watse da sabon wakilinmu a ciki, ko hanyar lungun bai kai ga sani ba.

Mutumin ya zo ta'aziyyar Baba, ya tsufa, rigarsa ta koɗe. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙanena, a yafe mu." Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma idona yana kan bakin lungu, inda mai ga-ruwa ya jingine kurarsa yana jiran Inna ta miƙo kuɗin jarka huɗu.

Maganar auren sai mako mai zuwa, in muna raye.