Waƙoƙin da Turawan Ingila na da suka riƙa aikawa a matsayin wasiƙa

Duk wanda ya ɗan taɓa adabin Ingilishi a nan wajenmu, ko a lise ko a jami'a, sunan Shakespeare ake fara cusa masa kuma galibi a nan ake tsayawa. To amma akwai wani irin waƙa na wancan zamanin da ba a cika kawo mana ba, ni kuwa shi ya fi kama ni fiye da komai. Waƙa ce da mutum zai zauna ya rubuta wa mutum ɗaya tak, da sunansa a sama, ya naɗe takardar ya ɗiga mata kaki ya buga hatimi ya ba ɗan aike ko wani matafiyi da ya yarda da shi. Daga wajen 1530 har bayan 1660 abin ya yi tashe sosai a Ingila, aboki ya rubuta wa aboki, mace ta rubuta wa saurayin da ya ci amanarta, mai neman aiki ya rubuta wa matar wani babba. Gidan waya na sarki ma sai a 1635 aka buɗe shi ga kowa da kowa, kenan kafin nan wasiƙarka tana hannun wanda ka danƙa wa ne da Allah.

Ba su suka ƙago abin ba. Yaran da suka shiga makaranta a lokacin Latin ake dura masu safe da yamma, kuma a cikin abin da suke haddacewa akwai wasiƙun waƙa na mawaƙan Rum biyu, Horace mai rubuta wa abokansa nasiha da hirar duniya, da Ovid wanda ya sa matan tatsuniyoyin Girka suna rubuta wa mazan da suka gudu suka bar su. Hanya biyun nan su 'yan Ingila suka bi, ta abota da ta soyayya. Mu ma ai ba baƙon abu ba ne gare mu, malaman Sakkwato sun yi ta aika wa juna waƙa a maimakon wasiƙa, Nana Asma'u da ɗan'uwanta Muhammadu Bello sun yi musayar baitoci, shi ya sa da na fara karanta na Turawan ban ji kamar na shiga baƙon gida ba.

Wanda na fi daɗewa a kansa shi ne John Donne, an haife shi 1572 ya rasu 1631. A 1597 yana saurayi ɗan shekara 25 ya shiga jiragen yaƙin da suka tashi daga Plymouth ƙarƙashin wani babban bafaden sarauniya, Essex, za su tare jiragen Sifaniya, ba su yi nisa ba guguwa ta far masu ta koro su baya. Sai ya rubuta wa abokinsa Christopher Brooke labarin, a waƙe. Tun a layin farko ya kira shi da cewa kai da kake ni, wato ba ma aboki ba, kai ne ni. Daga nan ya shiga ba shi labari kamar mai hira, ya ce ya farka ya ga ba ya gani, dare da rana sun cakuɗe ba a san gabas ba a san yamma ba. Wasu suna kwance a ɗakunan jirgi kamar gawa a akwati, wasu suna leƙo kai suna tambayar ina labari alhali suna tsoron amsar. Masu famfon kwashe ruwa sun gaji liƙis, ya ce to mene ne ribar, teku muke zubawa cikin teku mu sake tsotso shi. Har Annabi Yunusa ya ambata, ya ce yana tausayinsa da mutanen jirgi suka tashe shi daga barci lokacin da hadari ya fi tsanani, don barci shi ne sauƙin da ya rage wa mai wahala. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya rufe, ya ce wa Brooke rashinka yana kashe ni da yunwa, amma duk da haka ba na fatan a ce kana nan.

Na taɓa faɗa wa mutanen fadarmu wannan layin a Zango bayan isha, ana jiran shayi na biyu, akwai wani yayanmu da ya yi shekaru yana bin hanyar Agadas zuwa Libiya, mutum ne marar yawan magana. Ya ajiye kofinsa ya ce "Mushe, sake faɗa." Na sake. Ya ce "Wannan Baturen ya yi tafiya. Ran da motarmu ta mutu a rairayi ruwa ya kusa ƙarewa, ƙanena kawai nake tunani, ina son in ji muryarsa, kuma ina godiya ga Allah da tsohuwa ta hana shi biyo ni." Bai ƙara komai ba, mu ma ba wanda ya ƙara.

Akwai abokiyar tafiyar wannan waƙar, ita kuma a kan lokacin da iska ta ɗauke ɗif jiragen suka tsaya cik a wajen tsibiran Azores, zafi kamar me, kwaltar jikin jirgi na narkewa, ya ce gashin tsuntsu da ƙurar da suka faɗi jiya suna nan inda suke yau. A nan ne ya faɗi gaskiyar abin da ya fito da shi daga gida, ya ce ko talauci da kwaɗayin samu ne, ko gudun ciwon so, ko ƙishin suna da kyakkyawar mutuwa, ko wanne ne dai ya yi asararsa. Irin wannan maganar ba a faɗinta a gaban jama'a, sai ga mutum ɗaya wanda ba zai yi maka dariya ba. Kuma Brooke ɗin nan abota ce ta gaske ba ta takarda ba. A ƙarshen 1601 Donne ya auri Anne More a ɓoye ba da sanin mahaifinta ba, alhali yana sakataren Thomas Egerton, babban mai riƙe da hatimin sarauniya, yarinyar kuma ta taɓa zama a gidan Egerton ɗin. Da magana ta fito a 1602 aka kore shi daga aiki aka kulle shi, aka kulle Christopher Brooke shi ma saboda ya tsaya a wurin ɗaurin auren, aka haɗa da ƙanensa Samuel wanda ya ɗaura. Wallahi idan ka san wannan sai ka koma ka karanta layin farkon nan da wani ido daban.

Ya rubuta wa Henry Wotton ma, wanda daga baya ya zama jakadan Ingila a Venis, inda ya ce wasiƙa ta fi sumba haɗa rayuka domin da ita abokan da ke nesa suke magana. Ya zagi birni ya zagi ƙauye ya zagi fada, ya ce masa ka zama gidan kanka kamar dodon koɗi, sannan a ƙarshe ya ce ba nasiha nake maka ba fa, darasin da na koya a wajenka nake biyawa. Ladabin nan yana burge ni.

Sai dai ba duka nake so ba, gaskiya. Bayan ya rasa aiki ga 'ya'ya suna ta zuwa ga babu, Donne ya koma rubuta wa manyan mata masu hali, musamman Lucy matar mai sarautar Bedford, yana kambama ta har yana kai ta inda bai kamata a kai ɗan Adam ba. Hikima tana nan, kalmomi na tsalle, amma kunnen da ya tashi yana jin maroƙa a ƙofar fadar Damagaram ran sallah ya san wannan muryar, yabo ne mai jiran tukwici. Ba na zarginsa, mai iyali ne kuma a lokacin ba a cin abinci da alƙalami sai a inuwar wani babba, amma idan na ajiye su kusa da wadda ya aika wa Brooke sai in ji ɗaya tana da jini ɗaya kuwa ado ne.

Tun kafin a haifi Donne akwai Thomas Wyatt, bafaden sarki Henry na 8 kuma jakadansa. A watan Mayun 1536 aka kulle shi a Hasumiyar Landan, daidai lokacin da aka sare kan sarauniya Anne Boleyn, matar sarkin, da mazan da aka zarga da ita, shi Allah ya kuɓutar da shi aka mayar da shi gidan mahaifinsa a Kent. Masana da yawa da wannan zaman suke danganta wasiƙar da ya rubuta wa abokinsa John Poins yana gaya masa dalilin da ya sa ya bar fada. Ya jero abubuwan da ba zai iya ba ɗaya bayan ɗaya, ba zan iya durƙusa wa mutane ina bauta masu kamar Allah ba, ba zan iya kiran maye zumunci ba, ko daɗin baki fasaha, ko mugunta kishin adalci, ko in ce zalunci haƙƙin mai mulki ne, ba zan iya ba, a'a, ba zai yiwu ba. Ya ce yanzu farauta yake yi, ran da gari ya ɓaci ya zauna da littafi, ko da yake har yanzu akwai turu a ƙafarsa. Ka tuna a ƙarƙashin wane sarki ake wannan maganar. Ba a buga ta ba sai 1557, shekara 15 bayan rasuwarsa, kafin nan hannu da hannu take yawo tsakanin waɗanda suka yarda da juna.

Wannan tsoron kunnen gwamnati yana nan har a waƙar da ta fi kowacce fara'a, wadda Ben Jonson ya buga a 1616 yana gayyatar abokinsa cin abincin dare. Ya lissafa masa abin da za a ci, zaitun, ganye, naman tunkiya, kaza mai ƙwai a ciki in an samu, lemun tsami, zomo, cuku da 'ya'yan itace, har ya ce zan ƙara maka da wasu in yi ƙarya ma in dai za ka zo. Ya ce yaronsa zai karanta masu wani abu daga littattafan Rum, shi kuma ya yi alkawari ba zai dame shi da nasa baitocin ba, akwai giyarsu da suke sha amma kaɗan. Sai can ƙasa ya ambaci sunayen 'yan leƙen asiri biyu ya ce ba za su kasance a wurin ba, ba wata kalma da za a faɗa a kan teburin nan da za ta sa mu baƙin ciki da safe. Mutumin da aka taɓa kullewa a 1597 saboda wasan kwaikwayo ya san abin da yake faɗa. A wurina wannan alkawarin ya fi kazar da zomon daraja, kuma shi ne ainihin gayyatar.

Ta ɓangaren masoya kuwa, littafin da ya yi kasuwa shi ne na Michael Drayton na 1597, inda ya sa sarakuna da matan tarihin Ingila suna rubuta wa juna, an sake buga shi sau da yawa amma ni ba ya riƙe ni, namiji ne yake ara wa matattu baki. Katherine Philips da ke zaune can Wales ta rubuta wa ƙawayenta mata waƙoƙi masu zafin ƙauna, ta ba kowa laƙabi ita ma tana da nata, agana ta ɗauke ta a 1664 tana da shekara 32. Amma wadda nake so kowace ɗaliba tawa ta sani ita ce Isabella Whitney.

Ba 'yar sarauta ba ce, aikin gidan masu kuɗi ta yi a Landan. Wajen 1567 aka buga wasiƙarta zuwa ga saurayin da ya juya mata baya, kuma ta fara ne kai tsaye ba kwana-kwana, duk yadda ka ɓoye maganar aurenka yanzu na ji gaskiya, da kai ka gaya mini da kanka ai da ya fi. Ba ta yi zagi ba ba ta yi kukan a mutu ba. Ta jero masa mazan tatsuniya da suka yaudari matan da suka taimake su, su Jason da Theseus da Aeneas, ta ce zaɓi wanda kake so a lissafa ka da shi. Sannan ta yi wa amaryar addu'a, Allah ya ba ta kyau da kamun kai da riƙon amana, ta kuma gaya masa a fili cewa ban da kyan, sauran duk ita ma tana da su. Bayan wasiƙar ta ƙara gargaɗi ga 'yan mata cewa su gwada mutum kafin su amince masa, kada hawayen namiji ya ruɗe su. Duk wadda aka taɓa kai kayan saurayinta wani gida ta ji a bakin maƙwabta za ta gane kowane layi, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne natsuwarta, an cuce ta amma ita ke riƙe da alƙalami kuma ita ke yanke hukunci.

A 1573 ta sake fitar da wani littafi bayan ta rasa aikinta ga rashin lafiya, a ciki akwai wasiƙun waƙa zuwa ga 'yan'uwanta na ciki ɗaya. Ta rubuta wa ɗan'uwanta tana ƙorafin ba ta jin ɗuriyarsa ba ta san inda za ta aika masa saƙo ba, ta rubuta wa ƙannenta biyu mata da ke aikatau a Landan tana ce masu su fara da addu'a da safe, su yi aikinsu da gaskiya, su guji masu tsegumi, su duba ƙofofi kafin su kwanta. Wannan ta ƙannen ita zan fara kai wa 'yan ajina idan an koma lakol, Ingilishinta ya fi na Donne sauƙi nesa ba kusa ba, kuma da yawansu suna da yaya ko ƙanwa da ke aiki a gidan wani a Yamai ko Kano.