Abin da Ke Cinye Katin Wuta a Lokacin Hunturu

Duk wanda ya kama gida a Zariya wanda girkinsa da ruwan wankansa da ɗumin ɗakinsa suka dogara ga lantarki kaɗai, ya san akwai watanni biyu zuwa uku a shekara da katin mita ba ya auki. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, ruwan da ya kwana a tanki kuwa ko babba sai ya yi shahada kafin ya watsa shi a jikinsa. Ina rubuta wannan ne domin ƙannena da suka fara zaman kansu, musamman sababbin ma'aurata da ƙananan ma'aikata da ke haya a Samaru da Hanwa da Palladan da Tudun Wada, a irin gidajen nan da mai gida ke gindaya sharaɗin ba gawayi, ba tukunyar gas. Na zauna a irin wannan gida, kuma na yi asarar kuɗi masu yawa kafin in gano ta inda suke zurarewa.

Da farko ƙwayayen fitila na ɗora wa laifi. Na riƙa bin ɗakuna ina kashe su, ina yi wa uwargida faɗa a kan cajar waya da aka bari a soket, har yara suka koma tsoron kunna fitilar tsakar gida. Ashe na bar jaki ne ina dukan taiki. Ƙwan fitila na zamani mai wat 9 sai ya yi kusan mako guda a kunne, dare da rana, kafin ya sha abin da hita mai wat 1,500 ke sha a awa ɗaya. Lissafin ba ya bukatar karatun injiniya: yunit ɗaya da kuke saye shi ne wutar da na'ura mai wat 1,000 ke sha a awa guda, kuma kowace na'ura tana ɗauke da adadin wat ɗinta a rubuce a gindinta ko a bayanta. Wanda ke shakka ya tsaya gaban mitarsa ya dubi 'yar jar fitilar nan da ke ƙiftawa. Idan fitilu da talabijin kaɗai ke kunne, sai ta yi ƙifce ɗaya ta daɗe kafin ta sake. Da zarar an jona butar lantarki ko dutsen guga, sai ta shiga ƙiftawa babu ƙaƙƙautawa. Duk abin da aikinsa samar da zafi ne, shi ke cin kuɗin gidan, sauran kayan 'yan rakiya ne.

Ya kamata kuma kowa ya san nawa yake sayen yunit. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 na wuta a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit, daga baya aka daidaita shi zuwa naira 209.50 a watan Yulin shekarar. Sauran rukunan suna biyan ƙasa da haka sosai, amma wutarsu ba ta kai wannan yawa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya ɗauki rasit ɗin katinsa na ƙarshe, ya raba kuɗin da ya biya da yawan yunit ɗin da aka ba shi. A misalan da zan kawo, na yi amfani da farashin rukunin A na Yulin 2024, kowa sai ya sauya da nasa.

Ruwan wanka shi ne inda na fi yin ɓarna, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Ruwa yana da wuyar ɗaukar zafi: ɗaga lita ɗaya da digiri ɗaya yana cin ɗan abin da ya haura wat ɗaya na awa guda. Bokitin wanka mai lita 20, idan ruwan yana digiri 20 aka kai shi digiri 40, wanda shi ne ɗumin da jiki ke so, zai ci kusan rabin yunit, wato wajen naira 100. Ni kuwa abin da nake yi shi ne in jefa hita a cikin cikakken bokiti in tafi wata hidima, sai na dawo in tarar yana zaɓalɓala, sannan in ɗebe rabi in surka da ruwan sanyi, sauran ya tsaya a banɗaki ya huce a banza. Tafasa lita 20 yana cin kusan yunit biyu, ninki huɗu na abin da wankan ke bukata. Bayan haka, duk mintin da ruwa ya ƙara a kan tafasa asara ce zalla, domin ba zai wuce digiri 100 ba, tururi kawai wutar ke zama, kuma kowace lita da ta tashi tururi ta tafi da fiye da rabin yunit. A gidan da mutum shida ke wanka kowace safiya, yin abin daidai zai ci wajen yunit uku a rana, yin sa yadda nake yi kuwa zai iya haura goma. Ku ninka wannan bambanci sau talatin ku ga abin da ya rage a albashi.

Gyaran ba shi da wahala. Lita biyar na tafasasshen ruwa, idan aka surka da lita goma sha biyar na sanyi, suna ba da cikakken bokiti mai ɗumin wanka. Butar lantarki mai kashe kanta ta fi dacewa da wannan aiki, domin ƙarfen da ke ɗaukar zafin yana haɗe da ruwan kuma a rufe take, saɓanin tukunya a kan rishon lantarki, inda zafi mai yawa ke bin gefe ya ɗumama kicin. Wanda dole sai ya ɗora tukunya, to ya rufe ta, kuma gindinta ya mamaye kan rishon gaba ɗaya. Ruwan alwalar asuba da na shayi kuwa a dafa shi tun da dare a zuba a filas, zai kai safe da zafinsa, ko an ɗauke wuta ko ba a ɗauke ba. Idan ruwan rijiyarku yana barin farin ƙanzo a gindin buta, ku riƙa tafasa ruwan lemon tsami a ciki lokaci-lokaci, domin ƙanzon nan yana sa ƙarfen ya yi zafi fiye da kima ya ƙone da wuri.

Ango da matarsa za ta haihu a hunturu, kuma ba za ta tafi wankan gida ba, ya sa ruwan jego a cikin lissafin hidimarsa tun kafin ranar suna. Idan aka ɗauka ana tafasa lita 40 safe da yamma har kwana arba'in, wutar za ta kusa yunit 300, kuɗinta ya haura naira 60,000.

Akwai kuma hitar bango, wadda ake kafewa a banɗaki da tankinta. Wani mai gyaran wuta ya taɓa ce mini, “Yallaɓai, ka bar ta a kunne kawai, ai ita ke kashe kanta,” ni kuma na ɗauki maganar ban bincika ba. Gaskiya ne tana kashe kanta idan ruwan ya yi zafi, amma tana sake kunna kanta duk lokacin da ya fara hucewa, kuma tanki mai lita 50 yana iya zubar da zafin da ya kai yunit ɗaya ko kusa da haka a yini, ko da ba wanda ya buɗe famfo. Mai lita 50 da wat 1,500 tana bukatar wajen awa ɗaya da rabi ta kai ruwan digiri 60, mai lita 15 kuwa rabin awa ya ishe ta. Saboda haka a kunna ta kafin wanka da gwargwadon wannan lokaci, mutanen gida su yi wanka a jere, sannan a kashe makunninta. Kada a murɗa ma'aunin zafinta zuwa ƙarshe, amma kuma kada tsimi ya sa a bar ruwan tanki yana kwana da ɗumi-ɗumi kullum, domin ƙwayar cutar Legionella, mai haddasa mummunan ciwon huhu, tana yaɗuwa a ruwan da ke tsakanin digiri 20 da 45. Digiri 60 shi ne abin da masana lafiya ke ba da shawara ga ruwan da ake ajiyewa. Shaya ma ta fi bokiti ci nesa ba kusa ba, tunda minti goma a ƙarƙashinta na iya tafiya da bokiti huɗu. A ganina, wankan bokiti da muka tashi da shi ya fi dacewa da aljihun mai haya, ko da banɗakin na zamani ne.

Game da ɗumama ɗaki, na sayi hita mai fanka a wani shago a Sabon Gari bayan mai shagon ya rantse mini cewa irin wadda ba ta shan wuta ce. Babu irin wannan hitar. Duk hitar da ke aiki da ƙarfe mai ɗaukar zafi, mai fanka ce ko mai jan garwashi ko mai mai a ciki, yunit ɗaya na wuta take mayarwa yunit ɗaya na zafi, ba ƙari ba ragi. Mai ƙaramin wat tana shan kaɗan ne saboda zafin da take bayarwa kaɗan ne. Tawa mai wat 2,000 ce, kwana ɗaya na awa takwas yunit 16 ke nan, sama da naira 3,300, kuma mukan wayi gari da bushewar maƙogwaro da kaushin leɓe a kan wanda hunturu ya riga ya jawo. Abin da kawai ya saɓa wa wannan ƙa'ida shi ne iyakwandishan mai iya juyawa ya hura ɗumi, domin shi yana jawo zafi ne daga iskar waje, yana ba da kusan ninki uku na wutar da ya sha. Yawancin waɗanda ake sayarwa a nan na sanyi ne kaɗai, kuma ban ga hikimar sayen sabo saboda sanyin wata biyu ba.

Abin da ya fi amfani shi ne hana ɗumin da ke ɗakin fita. Tsofaffin soraye na cikin Birni, masu kaurin bangon ƙasa da rufin azara da ƙananan tagogi, suna shan zafin rana su riƙa sakinsa da dare, shi ya sa kakanninmu suka wuce hunturu ba tare da mita ba. Gidajen hayarmu na bulo da kwano da tagogin lufa ba su riƙe komai. Wata rana da dare na kai bayan hannuna kusa da lufar ɗakin yara, na ji iska na shigowa ta tsakanin kowane gilashi, ta ƙarƙashin ƙofa kuwa har labule take ɗagawa, alhali hita tana ta aiki a tsakar ɗaki. Na liƙe lufar da leda mai kauri, na rataya labule mai nauyi, na naɗe tsohon zane na tokare ƙasan ƙofa, na shimfiɗa darduma a kan tayil, na sa aka toshe wata ɓula a silin. Da hantsi a ɗaga labulen tagar da rana ke bugawa, kafin magariba a rufe ko'ina. Daga nan sai a koma ga jikin mutum: rigar sanyi, safa, hula ga yara, bargo biyu masu sauƙi maimakon ɗaya, da gorar ruwan zafi ta roba a naɗe da tawul a ƙarƙashin bargo, wadda ba ta kai ta ci kashi ɗaya cikin biyar na yunit ba. Idan akwai jariri ko tsoho, a kunna hita na ɗan lokaci kafin kwanciya, a ɗaki ɗaya rufaffe, nesa da labule da katifa, sannan a kashe.

Kada tsadar wuta ta sa wani ya saci jiki ya shigar da kaskon gawayi ɗakin da ya toshe ko'ina. Gawayi yana fitar da iskar guba da ba ta da wari ko launi, wadda ke kashe mutane a cikin barci, kuma ɗakin da aka liƙe da kyau ya fi kowane haɗari. Haka janareta a baranda ko a lungun da ke kusa da taga.

Ɗauke wuta ma yana da nasa tarko. Na taɓa jefa hita a bokitin roba, aka ɗauke wuta, na fita aiki ban zare ta ba. Aka kawo wuta da rana ba kowa a gida, ruwan ya ƙone, bokitin ya narke, Allah ne kawai ya tsare gobara. Tun daga ranar, da an ɗauke wuta abin da nake fara yi shi ne zare duk na'urar da ke yin zafi. Kada a sa hannu a ruwa don jin ɗuminsa alhali hita na jone, kuma kada a jona buta da risho da dutsen guga a kan siririyar wayar ƙari guda, domin soket mai amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3,000 ne. Filogin da ya yi zafi ko ya fara baƙi a sauya shi a ranar.

Na daɗe ban lura da cewa rana tana yin rabin aikin kyauta ba. Ko a kwanakin da hazo ya rufe gari, baƙar jarka da aka cika aka ajiye a fili tun hantsi takan yi ɗumi kafin la'asar, don haka muka mayar da wankan yara zuwa bayan sun dawo daga makaranta, wanda ya rage mana bokiti uku daga lissafin safe. Wanda ya gina gidansa na kansa ya yi tunanin kafa hitar ruwa mai aiki da hasken rana a kan rufi tun lokacin aikin famfo, domin tankinta yana riƙe zafi har wayewar gari. Mai haya kuwa kada ya kafa ta sai sun rubuta da mai gida, a gaban shaidu, ko za a cire kuɗin daga haya ko zai kwance abinsa ranar da zai tashi.