Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Fitilar Ɗakin Iya

A makon jiya na tsaya a inda aka kai ni riƙo wurin kakata, a wani ƙauye kusa da Funtuwa. A gidan Iya ba a kashe ko kwabo don ganin gari da dare, da hannunmu muke haɗa komai.

Fitilarmu aci-bal-bal ce, ɗan kaskon yumɓu da man kaɗe a ciki. Lagwani aikina ne. Ƙasarmu ƙasar auduga ce, don haka kafin a kai ta kasuwa Iya takan ɗebi kaɗan ta gurje da magurji, ta cire gurya, ta shiɓe, ni kuma in murza a cinya. Idan lagwanin ya yi kauri sai ya sha mai ya cika ɗaki da hayaƙi, sai ta ce, "Kishiya, sake murzawa, man nan da gumi aka same shi."

Gaskiya ta faɗa. Tun farkon damina muke tsintar kaɗanya, a dafa ƙwallon, a shanya, a fasa, a soya, a daka, a niƙa, sannan a yi ta bugu da ruwa har mai ya taso. Man gyaɗa kuwa na sayarwa ne, ba a ƙona shi.

Idan man kaɗe ya ja baya, sai mu koma ga bini-da-zugu da ke shingen bayan gida. Mukan ɓare busassun 'ya'yansa, Iya ta kirɓa su da auduga har su yi danƙo, ta mulmula a jikin siririn kara, a jingine su sha iska. Kyandir ɗinmu ke nan. Yana ci a hankali, da haskensa take kaɗi tana yi mana tatsuniya. Ba ta yarda mu taɓa abinci sai mun wanke hannu da toka, domin 'ya'yan nan guba ne, suna sa amai da gudawa. Har yau ina mamakin yadda ta san iyakar kowane tsiro.

A 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam da sule, kawuna ya zo daga Kano da fitilar ƙwai. Iya ta sa masa albarka, ta rataye ta a bango, ba ta kunnawa sai an yi baƙi, saboda kananzir sai da kuɗi. A zuwan nan ne kuma ya tayar da maganar sa ni a makarantar boko.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.